Sunan Mijin Kellu

Mutari ɗan dukawa ne. A unguwar Birni aka haife shi, cikin warin fata da bagaruwa. Ubansa gafaka yake ɗinkawa, irin jakar fatar nan da malamai ke saka littafi don kada takardu su watse. Shi kuwa Mutari lekol, wato makarantar boko, ta ɗauke shi, ta kai shi Yamai, ta dawo da shi Damagaram da tabarau a ido da ordinatar, wato kwamfuta, a kafaɗa. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Ciwonsa ɗaya ne: ya gwammace a mare shi a ɗaki da a yi masa dariya a zaure.

A shekara ta dubu biyu da goma, damina ta baya ta yi gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Mazan ƙauye suka watse neman abin kai wa baka, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, suna haɗawa da ganyen jiga. A cikin wannan hali wata ƙungiyar agaji, ba sai na faɗi sunanta ba, ta buɗe biro, wato ofis, a Sabon Gari, ta ɗauki Mutari ya tsara mata jerin gidajen da za a raba wa hatsi. Wanda yake cikin jerin zai ci, wanda ba ya ciki sai dai ya kalli mota.

Ba wani gagarumin abu Mutari ya gina ba. Injinan biron tsofaffi ne, wuta kuma ta zo yanzu ta tafi an jima, don haka ya zaɓi fishiye mai sauƙi, wato ma'ajiyar bayanai a cikin inji, irin wanda bai san komai ba sai abu biyu: mabuɗi, da abin da mabuɗin ke buɗewa. Ka ba shi mabuɗi ka ba shi bayani, ya ajiye. Ka dawo da mabuɗin, ya miƙo maka bayanin. Mabuɗi ɗaya, ajiya ɗaya, ba ƙari. In kuwa ka kawo sabon bayani da tsohon mabuɗi, ba ya tambayarka ko sannu, zubar da na da yake yi ya zuba sabon. Mutari ya ce mabuɗin kowane gida zai zama suna uku a haɗe: sunan gari, sunan maigida, sunan uban maigida. Bayanin kuma shi ne sunan matar gida da yawan bakin da ake ciyarwa.

To, fishiye irin wannan ba a miƙa wa ma'aikata shi tsirara. Sai Mutari ya rubuta masa abin da masu sana'arsu ke kira kilas, wato wani ɗan tsari da ke lulluɓe fishiyen. Shi ke buɗe shi, shi ke rufe shi, shi ke haɗa sunayen nan uku su zama mabuɗi, ta yadda mai shigar da takardu ba ruwansa da abin da ke ƙasa. Mutari gafaka yake ce wa wannan tsari, yana jin daɗin cewa bai yar da sana'ar gidansu ba. Kuma ya ɗinka ta da kyau, gaskiya ɗaya ce. Ya sa mata layi uku na tsaro: in aka kawo mabuɗin da ya riga ya shiga, gafaka ta ƙi karɓa, ta tsayar da aiki, ta cika fuskar inji da jan rubutu.

Sai ga baƙi daga Yamai, manyan ƙungiya, mutum biyar da direbansu. Madam Lubabatu, shugabar biron, mace mai zafin nama da ba ta son jira, ta tara kowa a ɗakin taro ta ce Mutari ya nuna musu aikinsa. Ya sa sabuwar shadda ruwan toka, ya goge tabarau, ya ɗauki takarda ɗaya daga saman kwali ya shigar. Ashe Wasila, ɗaya daga cikin masu zaga ƙauyuka suna rubuta gidaje, ta riga ta shigar da wannan takarda da safe. Gafaka ta yi abin da aka ɗinka ta domin ta yi. Fuskar inji ta yi ja wur, komai ya tsaya cik.

Wani mai tumbi cikin baƙin ya leƙo ta saman tabaraunsa, ya girmama shi da Faransanci, ya ce, "To, Mushe Mutari, injin naka shi ma yunwar ta kama shi?"

Aka kwashe da dariya, har direba da ke bakin ƙofa. Da Mutari ya ce musu wannan jan rubutu ai aikinsa yake yi, da an wuce wurin, watakila ma a yaba masa. Amma sai zufa ta keto masa ta cikin sabuwar shadda, ya dinga danne-danne kamar mai neman allura a cikin rairayi. Madam Lubabatu ta yi masa kallo ɗaya ta ce a wuce ga batun motoci. Baƙi na tafiya bayan azahar, ya zauna ya buɗe gafakarsa, ya kashe layin nan uku. A madadinsu ya sa duk abin da aka shigar inji ya nuna koren rubutu mai cewa an ajiye. Ya rantse wa kansa ba inji da zai ƙara tozarta shi a gaban mutane, ya tashi ya je ya sha shayi. An gudu gara, an faɗa gidan zago.

Bayan mako ɗaya aka tura Wasila wani ƙauye da ke gefen Hamdara, ana ce masa Tsamiyar Kyari. Gida ɗari da goma sha biyu ne, kuma a talatin da takwas daga ciki babu namiji baligi ko ɗaya, duk sun tafi. Wasila ta shiga gidan farko ta gaisa, ta zauna bakin tabarma.

"Inna, sunan maigida?"

Matar ta sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da tsinke. "Malam."

"Sunan mahaifinsa fa?"

Matar ta ja gyale ta rufe baki. "Baba."

Wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan ba wauta ba ce. Macen da ta san kanta ba ta kama sunan mijinta, balle na surukinta, ko da wuƙa a wuya. Wasila ita kanta shekararta shida da aure ba ta taɓa kiran nata mijin da sunansa ba, yaya za ta matsa wa sa'ar uwarta? Tana iya fita ta tambayi maƙwabta, amma gida arba'in aka ɗora mata a yini, rana na dukan tsakiyar kai, mota kuma ba ta jiran kowa bayan la'asar. Sai ta rubuta Malam, ta rubuta Baba, ta rubuta sunan matar da manyan baƙaƙe a ƙasa, ta ce ai wannan zai bambanta su. Haka ta yi a duk gidan da aka sunkuyar mata da kai.

Da ta dawo biro ta shigar da takardun. Sau talatin da takwas ta buga Tsamiyar Kyari, Malam, Baba, sau talatin da takwas koren rubutu ya ce mata an ajiye. A ƙasa kuwa kowace mace tana shiga tana ture wadda ta riga ta. Da aka gama, mace ɗaya ce ta rage a wurin, wata Talatu mai baki huɗu, don takardarta ce ta ƙarshe a kwali. Ba wanda ya ƙirga takardu ya gwada da abin da ke cikin inji, saboda kowa ya yarda da Mutari. Inji ya ce gida saba'in da biyar, aka yi wa babbar mota lodin gida saba'in da biyar.

Ranar rabo Wasila ba ta nan, an tura ta Gidimuni. Aka kafa tebur a ƙarƙashin tsamiyar da ta ba garin suna, aka jona ordinatar da batirin mota, Mutari ya zauna a gabanta. Madam Lubabatu na tsaye kusa da buhuna. Mai gari, wani dattijo da ake kira Tanimu, yana kan buzunsa a gefe. Tsofaffin maza aka fara da su, kowa ya faɗi sunansa da na ubansa, inji ya nuna bakinsa, a auna masa. Aiki na tafiya sumul, har Mutari ya fara satar kallon Madam ko ta lura.

Sai layin mata ya iso. Ta farko ta durƙusa ta ce Malam, ta ce Baba. Mutari ya buga, ya karanta da ƙarfi: "Talatu, baki huɗu."

"Ni Kande ce," in ji matar. "Bakina bakwai."

Aka kira Talatu daga can baya, ta zo aka auna mata, aka ce Kande ta tsaya gefe tukuna. Ta biyu ta matso, wata Ladi, ita ma ta ce Malam, ta ce Baba. Mutari ya buga. Inji ya ce Talatu, baki huɗu, an riga an ba ta.

A nan ne Mutari ya janye hannunsa daga inji. Ba sai an yi masa bayani ba, shi ya ɗinka abin da hannunsa. Ya ɗaga kai ya dubi layin matan, ya tuna layin nan uku da ya kashe, ya gane komai tas a cikin numfashi ɗaya. Da ya buɗe baki a lokacin ya ce, "Madam, laifina ne, matan nan an rubuta su, ni na zubar da su," da an tsayar da awo, an rage wa kowa kaɗan, an sallami kowa da abin da zai kai shi mako biyu. Rabin buhunan suna nan ba a taɓa ba. Amma ga mutanen gari sun yi da'ira, ga masu awo, ga direba, ga Madam. Ya ji dariyar ɗakin taro tana dawo masa a kunne. Ya gyara tabarau ya yi shiru.

Madam ta ce a gwada da sunan yanka. Mai gari ya ce shi zai faɗa a madadin matan, ya faɗi sunan mijin Ladi da na ubansa. Mutari ya buga, inji ya ce babu. Ya faɗi na mijin Kande, babu. Ya faɗi na uku, babu. Sai guna-guni ya tashi a layi, magana ta bi baki zuwa baki: wai injin ba ya karɓa daga bakin mai gari, tunda matar gida aka rubuta, sai daga bakinta. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta tambaya.

"Mai inji, haka ne? Sai mu muka faɗa da kanmu?"

Kalma ɗaya ta ishe shi, a'a. Mutari ya dubi fuskar ordinatar ya ce, "To, a dai gwada."

Ba wadda ta motsa. Mata talatin da bakwai suna tsaye da ƙwarya da buhun wofi, kowace na kallon ƙafarta. Masu awo suka ci gaba da sallamar waɗanda ke cikin jeri, buhuna na raguwa a kan idonsu. Can sai wata mace ta fito daga tsakiyar layi, doguwa, siririya, za ta yi shekara arba'in, da goyo a bayanta wanda ba ya ko kuka. Kellu ke nan. 'Ya'yanta biyar, ga kuma uwar mijinta makauniya, wadda ta jawo da sanda ta zaunar a inuwa taku goma daga tebur. Shekararta ashirin da uku a gidan, kuma a garin in ana so a kwatanta wa amarya kunya, ita ake nunawa.

Ta durƙusa gaban tebur. Leɓenta ya motsa, ba wanda ya ji, don an bar injin mota a kunne saboda batir.

"Ɗaga murya, baiwar Allah," in ji Madam, ba da mugunta ba, sauri take.

Kellu ta rufe ido. "Inusa," ta ce. Sa'an nan kamar wadda ta ga tunda ta jiƙe gara ta yi wankan, ta ɗaga murya har ta fashe. "Inusa! Inusa ɗan Suma'ila!"

Mata suka rufe baki da gyale. Mai gari ya kau da kai yana jan carbi. Makauniyar da ke inuwa ta juyo da fuskarta wajen muryar, ta ji sunan ɗanta da na marigayin mijinta a bakin surukarta, a bainar jama'a, sai ta lalubo sandarta ta riƙe da hannu biyu.

Mutari ya buga sunan. Baƙi bayan baƙi ya buga shi, a hankali, kamar mai fatan wani abu, alhali ya san abin da zai fito tun kafin ya ɗora yatsa. Inji ya ce babu.

Kellu ta daɗe a durƙushe. Sa'an nan ta miƙe, ta naɗe buhunta na wofi ta sa a hammata, ta je ta kama sandar tsohuwa ta ja ta suka tafi. Bayanta ba wadda ta ƙara gwadawa. Madam ta ce da alama ba a rubuta gidajen nan ba, kuma ba ta da ikon ba wanda ba ya cikin jeri, ko da tana da shi ma hatsin ya ƙare. Aka naɗe tebur. Duk tsawon hanya har duwatsun Damagaram suka bayyana, Mutari kansa na sunkuye, direba har ya tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Kwana uku ya yi yana ɗauke da abin nan. Ya shirya ƙarya kala-kala. Zai ce cutar inji ce ta shiga fishiyen. Zai ce wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar ajiya. Zai gyara a ɓoye ya ce ya gano wata matsala, ba tare da ya ce wa ya haife ta ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya je gaida mahaifiyarsa a Birni, ta zuba masa tuwo, tana ba shi labarin katangar da ta tsage. Ta ce, "Ai tun mai ɗakin can yana da rai nake faɗa a gyara ta." Shekara tara da rasuwar ubansa, har yau mai ɗakin can ne. Mutari ya dubi lomar da ke hannunsa ya mayar da ita cikin kwano. Kunya ce ta kama shi irin wadda bai taɓa sani ba, don ta ɗakin taro zafi ta yi masa a fuska ta wuce, wannan kuwa a ciki ta zauna, ta hana shi ci. Ya san al'adar nan tun yana goye, amma da ya zauna zaɓar mabuɗi ko sau ɗaya uwarsa ba ta faɗo masa a rai ba.

Duk da haka bai yi magana ba sai da aka taɓa wani. Ranar Litinin da hantsi Madam ta kira Wasila, ta bar ƙofa a buɗe, ta wanke ta tas. Ta ce ta tsallake gidaje don ta huta a inuwa, ta ce yunwar mutum ɗari biyu na wuyanta, ta ce ta ajiye jakar aiki ta tafi gida. Wasila na kuka tana rantsuwa da Allah ta shiga kowane gida. Mutari na jin komai daga teburinsa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ya tashi ya je magaza, ɗakin ajiya, ya ɗauko kwalin Tsamiyar Kyari, ya shigo da shi ya dire a gaban Madam.

"Madam, ku ba ni minti goma. Wasila, zauna nan."

Ya buɗe gafakar a gabansu, ya tayar da layin nan uku, ya buɗe sabon fishiye, ya ce Wasila ta shigar da takardun matan. Ta farko ta shiga lafiya. Ta biyu, fuskar inji ta yi ja wur. Ya ce ta wuce ta uku. Ja. Ta huɗu, ja. Bai bar ta ta tsaya ba sai da jan rubutun ya fito sau talatin da bakwai, ma'aikata sun taru a bakin ƙofa suna kallo.

"Wannan jan shi ne ya fito ranar baƙi," in ji shi. "Ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne. Na ji kunyar dariya na cire shi. Wasila ta rubuta kowa, ni na zubar da su."

Madam ta dube shi ta dubi kwali. "Yaushe ka gane?"

Nan ma akwai ƙofar tsira, yana iya cewa jiya. Ya ce, "A ƙarƙashin tsamiya, Madam. Tun mace ta biyu."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Madam Lubabatu ta zauna a kujera ta dafe kai. Da ta ɗago, sai ta fara ba Wasila haƙuri. Sa'an nan ta ce wa Mutari batun aikinsa sai an gama rabo, yanzu ya je ya gyara abinsa, kuma ranar da za a koma garin shi zai tsaya ya faɗa musu da bakinsa.

Ya sake ɗinkin gafaka daga tushe. Ya daina haɗa mabuɗi da sunan kowa, ya ba kowane gida lamba, a rubuta ta a ɗan kati a ba matar gida ta riƙe. Aka fito da duk kwalaye aka sake shigarwa, aka tarar da irin ramin nan a wasu garuruwa huɗu, Allah ya sa ba a kai ga rabonsu ba. Amma neman ƙarin hatsi daga Yamai ba a yini ɗaya ake yinsa ba. Takarda ta tafi, takarda ta dawo, aka ce a sake sa hannu. Sai da aka yi kwana goma sha biyu da rabon farko kafin mota ta sake tsayawa a Tsamiyar Kyari.

Gida goma sha ɗaya sun tashi. Mai gari ya lissafa su da yatsa, wasu sun nufi Matamai, wasu an ce an gan su a tashar Mirya da yara. Kande mai baki bakwai tana cikinsu. Mutari ya tsaya a ƙarƙashin tsamiya, ba tebur a gabansa, ya faɗi abin da ya yi da Hausar da kowa zai gane. Ya ce an rubuta su tun farko, shi ne ya yi sakaci suka zube. Mutane suka saurara. Mai gari ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana. Abin da ya wuce ya wuce." Sauran suka ce amin, idonsu na kan buhuna, kuma wa zai ga laifinsu?

Aka kira mata da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ana ba su kati ana auna musu. Da aka kira Kellu ba wadda ta amsa. Mutari ya ɗauka ita ma ta tashi. Talatu ce ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Tana nan. Tun ran nan ba ta fito ba, ko rijiya. Mu muke kai mata ruwa, da ɗan abin da muka samu. Ba wanda ya ce mata komai, wallahi. Ita ce dai ba ta iya haɗa ido da mutane."

Mutari ya ce a auna rabonta. Masu awo suka ce za su kai, ya ce a'a. Ya sa aka ɗora masa buhun a ka, abin da bai yi ba tun yana ɗan lekol, ya bi bayan Talatu yana tangaɗi, shaddarsa na shan ƙasa. Gidan na can ƙarshen gari, zana ce ta kewaye shi, rabinta an zare an ba akuya. Talatu ta nuna masa ƙofa ta juya. Ya yi sallama sau biyu kafin a amsa daga bayan zana.

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya. Mai inji. Na kawo rabonku, baki bakwai. Na zo kuma in roƙi gafara."

Yana jin motsin yara a ciki, da tarin tsohuwa. Buhun na danne masa wuya amma bai sauke ba.

"Mai inji," in ji muryar, "abu ɗaya nake so. Sunan nan da na ba ka, ka goge shi daga cikin injinka. Kada a riƙa kai shi gari-gari ana cewa daga bakina aka ji."

"Ba ya ciki, Yaya. Bai taɓa shiga ba."

"Ko da na faɗa?"

"Ko da kuka faɗa. Ba a wurin matsalar take ba. Ko sau ɗari kuka faɗa ba zai fito ba."

Ta cikin ramukan zana yana ganin inuwarta a tsaye, ba ta motsi.

"Lokacin da na durƙusa gabanka," ta ce a hankali, "ka san haka?"

A ƙarƙashin tsamiya ɗazu ya faɗi komai ban da wannan, kuma ba wanda ya tambaye shi. Ya ce, "Na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Wani yaro a ciki ya fara kiran Inna, ta ce masa ya yi shiru.

"Ajiye buhun a nan bakin zana," in ji Kellu. "In ka yi nisa zan fito in ɗauka."

Mutari ya sauke buhun, ya jingina shi da kyau don kada ya faɗi, ya ɗora katin a kai ya danne da dutse. Ya juya ya kama hanyar tsamiya. Yana so ya waiwaya ya ga ko ta fito, amma ya san in ya waiwaya ba za ta fito ba, sai ya ƙara sauri.